Takubba Goma Sha Biyu Masu Kaifi

Na daɗe ina aikin kago, wato aika kayan 'yan kasuwa, a Guangzhou ta ƙasar Sin, amma ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da na kai takubba gaban kwastan. A 1998 ne, bayan babbar sallah. Ku da kuka shigo aikin nan jiya, ku saurara.

Aikina a lokacin haɗa kaya ne. Ɗan kasuwa ya yi sayayya, a kawo sito, in duba, in ɗaure, in sa hannu a takardar da ke faɗin abin da ke cikin kowane kwali. Ban yi boko ba. Madam Lin, 'yar ƙasar da ke fitar mana da kaya a tashar jirgin ruwa, ita ke rubutawa, ta gaya mini, in sa hannu da lambar fasfona a ƙasa. In aka samu wani abu daban a kwali, wuyana ne.

Wani dattijo mai kirki, Alhaji Isuhu mutumin Maraɗi, ya sayi takubban ado a wata masana'anta a Panyu. Iri uku ne, duk lanƙwasassu. Na Farisa siriri ne, kamar jinjirin wata. Na Turkawa yana da faɗi wajen tsini. Na Larabawa lanƙwasarsa kaɗan ce, kubensa da zane. Kwali goma, kowanne goma sha biyu. Ko tuwo ba za su yanka ba, kuma da gangan ake yin su haka. A can, dakusasshen takobi kayan rataya a bango ne. Mai kaifi makami ne. Baƙon da aka kama da makami kuwa sai kurkuku, sannan kora.

Na duba duka, na ɗaure. Alhaji ya ce in ba shi kwali ɗaya ya nuna wa 'yan garinsu a masauki. Na ba shi. Bayan kwana biyu ya dawo da shi a ɗaure tsaf, aka jefa cikin sauran. Ban buɗe ba. Na sa hannu.

Ranar duba kaya muna cikin mota, ni da shi da Madam Lin. Mun kusa tasha sai ya taɓo ni.

"Malam Sale, Sinawan ga ba su san takobi ba. Ƙarhe babu kaihi? In kai wanga Maraɗi a yi mini dariya?"

Na ce, "Alhaji, me ka yi?"

"Wani tsoho na samu, mai yawo da keke yana wasa wuƙaƙe. Kwali guda ya gyara mini. Ka ga aiki! Har gashin hannuna na aske."

Na ce, "Wane kwalin?"

"Ai duk kamarsu guda, ɗana."

Kwastan ba sa buɗe komai. Cikin goma su zaɓi biyu ko uku. In na yi shiru, wataƙila mu wuce. In kuma hannunsu ya faɗa kansa, na zama mai ɓoye makami, ba sauran magana. 'Ya'yana huɗu a Kano.

Na gaya wa Madam Lin da guntun Turancina. Ta kalli titi, ta ce, "Meyo." Wato babu, ba ta ji ba. Ta ce sa hannuna ne, ba nata ba.

Na ce, "Ki faɗa musu da bakinki, ko in nuna musu da hannuna."

A rumfar duba kaya jami'in matashi ne, da farar safar hannu. Kafin ya taɓa komai na matsa gaba, na faɗa masa akwai kwali ɗaya mai takubba masu kaifi. Madam Lin ta fassara. Jami'in ya sa aka buɗe goman duka. A na bakwai ya zaro na Turkawa, ya ɗaga wata takarda, ya ja bakin takobin a kanta. Ta rabu biyu, ko ƙara babu.

'Yan sanda biyu suka shigo. Aka karɓe fasfo ɗinmu, aka zaunar da mu a benci. Tun hantsi har la'asar ba wanda ya dube mu. Duk ƙofar da ta motsa sai in ce ni aka zo ɗauka. Rigata ta jiƙe sharkaf da gumi. Alhaji na jan carbi.

"Ɗana, wallahi alheri na nuhi."

"Alhaji, don Allah yi mini shiru."

Can sai ga babbansu, mai furfura. Tambaya ɗaya ya yi: mu muka faɗa, ko su suka gano? Matashin ya nuna ni. Sai babban ya sa aka kawo injin goge ƙarfe, ya ce wanda ya sa hannu shi zai kashe kaifin, a gabansu.

Goma sha biyu na dakusar, ɗaya bayan ɗaya. Tartsatsi na cin fuskata, ɗan sanda na tsaye a bayana. Kowanne na gama sai matashin ya gwada a tafin hannunsa. Alhaji ya juya baya, ya kasa kallo. Sai cewa yake, "Kaico, aikin tsohon nan."

Kaya suka wuce. Fasfona sai bayan kwana tara aka ba ni, kuma kwana taran nan ban ci abin kirki ba. Madam Lin ba ta sake karɓar aikinmu ba. Ban ga laifinta ba.

Ga abin da na koya. Kwalin da ya bar idonka, ko na minti ɗaya, sabon kwali ne. Buɗe shi, ko na ubanka ne. In kuma ka san da matsala, riga kwastan faɗa. Macuci bai cika ba ni tsoro a aikin nan ba, don ana ganewa a idonsa. Mutumin kirki nake tsoro. Shi ne zai kai ka kurkuku, yana jiran ka gode masa.