Amshin Inna a Bayan Darni

A gidanmu ni aka mayar 'yar aike tsakanin mutum biyu da ko tari ɗaya ya yi ɗayan yana ji. Innarmu ce da yayana, ɗanta na fari. A Arewarmu ta wajen Dogon Dutsi, a wancan zamani, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana, ba ta haɗa ido da shi. Kunya ake ce wa abin, kuma ana yaba mace da shi. Mata da yawa suna sassautawa in ɗan ya girma, amma Innarmu ba ta san wani abu wai shi sassauci ba. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi gidan kaka, wanda darnin kara kawai ya raba da namu, tun daga wannan rana, sunansa a bakinta "wancan". In tana son ya gyara rumbu sai ta ce da ni, "Ki ce ma wancan rumbu na yoyo." Shi kuwa yana tsaye nan, inuwarsa na taɓa ƙafarta, sai ya dube ni ya ce, "Ki ce mata na ji." Ni kuma in juya kamar wawiya in maimaita. Tun ban iya ɗaura zane ba nake wannan aiki. Na yi aure na ce na huta, na dawo gida wankan jego na tarar aikina na nan yana jirana.

Yayan nawa makaɗin gurmi ne, alhali mu ba maroƙa ba ne. Manoma ne, a wani ƙauye tsakanin Matankari da Lugu. Da hannunsa ya fafe ƙwarya ya rufe ta da fata ya ɗaura tsirkiya, ya koya wa kansa. Ba ya yi wa kowa kirari, ba ya roƙon kowa. Tsofaffin waƙoƙi yake tsinta, na gayya, na maharba, na makiyaya a bakin rijiya, ya ajiye muryarsu yadda take ya zuba musu nasa kalmomi. Babanmu ya yi faɗa har ya gaji ya sa masa ido.

Shekarun farko ne bayan an sami mulkin kai, ana ta ɗokin duk wani abu da ya zama na ƙasa. Sai ga wani mutum daga Yamai da akwati mai ƙafafu biyu masu juyawa suna naɗe wani siririn zare, da wani ƙarfe mai kai kamar na muciya da yake kira mikoro. Waƙoƙin karkara yake tattarawa a buga su a faifan garmaho. Ya sauka wurin mushen lakwal, wato malamin makarantar boko na Matankari, shi kuma mushe ya ce masa in bai ji yaron nan mai gurmi ba to bai zo Arewa ba. Ran kasuwar Matankari zai bi kamyo, babbar motar kaya, ya koma, kuma pil ɗin akwatinsa, wato batura, sun fara rauni. Ya faɗa mana wannan tun ranar da ya iso, ya kuma ci gaba da faɗa kamar mu muka ƙera pil ɗin.

Gindin gawo suka zauna, yayana ya yi masa waƙa bayan waƙa. Mutumin yana ta gyaɗa kai yana cewa "bon, bon". A ƙarshe ya ce saura ɗaya faifai ya cika, kuma da so samu ne a ji muryar mace a ciki. Yayana ya shafa wuyan gurmi, sannan ya ce akwai waƙar niƙa.

Na san waƙar. Ta mutum biyu ce, mata kan yi ta a kan duwatsu biyu, ɗaya ta yi tambaya ɗaya ta amsa. Inna ta gaje ta wurin uwarta, kuma da yake ba ta da abokiyar niƙa, amshin kawai take yi, ta bar gurbin tambayar dutse ya cike. Yayana ta cikin darni ya koye ta, kowace safiya, tun yana yaro. Gurbin nan ya cike da nasa tambayoyi, ya daɗe yana kaɗa ta shi kaɗai.

Ya same ni ina shanya tsumman jariri ya ce, "Ki hwaɗa mata."

Na ce, "In hwaɗa mata mi?"

"Ni in yi kira, ita ta amsa. In ba ita ba, ban yi."

Na buɗe baki zan zazzaga masa masifa, sai na ga fuskarsa. Ƙato ne da gemu, amma bai taɓa yin magana uwarsa ta amsa masa ba, ko sau ɗaya. Ba faifai ne ya dame shi ba, faifan hanya ce kawai ya samu. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don ko wannan sai da ya bi ta kaina.

Inna tana tankaɗe na gaya mata. Ta ajiye rariya ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ni? In amsa ma wancan? Gaban baƙo? Ke, jego ya taɓa miki kai?"

"Inna, waƙa ta, ba magana ba."

"Waƙa da magana duk da baki aka yin su."

"Ƙasa duka za ta ji muryarki."

"To kin gani! Da ƙauye ɗai za ya ce ban da kunya, yanzu ƙasa duka."

Na koma na gaya masa. Ya ce in ce mata ba sai ta fito ba. Na je. Ta ce in ce masa gonarsa ta bakin fadama ta yi haki. Na dawo. Haka na wuni ina zirga-zirga da ɗanyen jiki, jariri na tsala kuka, tsakanin mutum biyu da taku kaɗan ya raba. Matan da ke yi mini wanka suka ce in ban zauna ba za su ɗaure ni a turke.

Gwaggonmu, ƙanwar Baba, ta ji labari ta zo da kanta ta ce ita za ta yi. Ba wanda ya gayyace ta. Ta ɗaura sabon zane, ta shafa kwalli kamar akwatin yana gani, ta rungume mikoro. Yayana bai so ba, amma ba ya iya hana ta. Ya yi kiran farko, ita kuwa maimakon amshi sai ta shiga gaida mutanen Yamai, ta gaida ɗanta da ke aikin hanya wajen Dosso, ta ce a gaya masa akuyarsa ta haihu. Baƙo ya kashe akwati yana dafe da goshi. Ya ce ta cinye masa zare da pil a banza. Gwaggo ta tafi tana cewa mutanen birni ba su san murya ba.

Daga nan na ce bari in yi tawa dabarar. Inna ba ta fasa niƙa da safe, kuma in tana niƙa ba ta sanin lokacin da waƙar ke fita. Dutsenta jingine yake da darni. Na ce wa yayana ya zauna ta bayan darnin, can gefen kaka, kamar mai gyaran gurminsa. Baƙo ya cusa kan mikoro tsakanin kara. Na ja wa baƙon kunne sosai. Na ce ko gobara ta tashi kada ya yi magana, kuma kada ya kuskura kalmar "ɗanki" ta fito daga bakinsa. Ya ce ya gane, ai shi ma ɗan ƙasa ne.

Gari ya waye, Inna ta durƙusa ta zuba hatsi. Dutse ya fara tafiya. Can sai gurmi ya shigo a hankali, yana bin dutsen. Hannunta ya tsaya. Ni ina ƙofar ɗaki ina shayarwa. Ta san ko wane ne, ai ba kurma ba ce. Amma ba wanda ya ce mata komai, kuma abin da ba a faɗa ba a wurin Inna bai faru ba. Sai dutse ya ci gaba.

Yayana ya rera, "Wa ka niƙa tun rana ba ta hito ba?"

Daga cikin gida murya ta ce, "Mai baƙin rani ta, bar ta ta niƙa."

Ban taɓa jin waƙar a cike ba sai ranar. Suka yi ta tafiya, ya kira ta amsa, ya kira ta amsa, har kaji suka yi tsit, ko kuwa ni ce na daina jin su. Sun kai wajen rabi ke nan sai na ji wani ƙaras, sannan muryar baƙo ta tashi ta saman darni, da ƙarfi, cike da murna.

"Inna, dakata kaɗan! Zare ya ƙare! Ki jira ɗanki, ku sake daga hwarko!"

Da ina da taɓarya a hannu a lokacin, da mutumin nan bai koma Yamai da ƙafarsa ba.

Inna ta miƙe. Ta kwashe hatsin daga dutse ta juye a turmi, ta kai turmin can ƙarshen gida wajen turken awaki, ta hau daka, bakinta a rufe gam. Baƙo ya yi ta ba da haƙuri, ya ce ya manta ne don daɗi. Ya ce rabin waƙa ba ta shiga faifai, kuma pil ɗin da suka rage ba su wuce ɗauka guda ba. Yayana ya rataya gurminsa ya tafi gona bai karya ba.

Ranar na fashe. Na same ta wajen awaki na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa ba. Na ce na gaji. Na ce ita ta haife shi ba ni ba. Na ce kunyar da ke sa ƙato ya tafi gona yana share ido ni ban ga amfaninta ba, kuma in nawa ɗan ya girma sunansa zan riƙa kira tun daga nan har Dogon Dutsi. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ruwan wankanki na hucewa."

Abin da ta ce ke nan. Na shiga ɗaki na yi kukan baƙin ciki.

Ran kasuwa da safe baƙo ya ɗaure kayansa, ya shigo gidan kaka yin sallama. Yayana na can zaune. Ina jin su ta darni. Sai ga Inna ta fito da ƙwaryar gari, garin da ta riga ta daka ya yi laushi lilis, ta durƙusa gaban dutse. Ta kira ni da muryar da za a ji har rijiya.

"Ke! Garin ga bai yi min ba, sai na sake niƙa shi. Ki kuma ce ma masu zama bayan darnin mutane, wanda aiki yak kawo shi, shi yi aikinai shi ruhe baki." Ta zuba garin a dutse. "Gurmin da niy ji rannan kuma, ko na wa na oho, tsirkiya ɗaya ta sassauta. A ɗaure ta."

Ban ma motsa ba. Na ji ana kwance igiyar kaya da sauri, na ji ana ɗaure tsirkiya. Wannan karon baƙo ko numfashi bai yi da ƙarfi ba. Inna ta niƙa garin da ba ya bukatar niƙa, yana tashi yana bule mata fuska, ta amsa kowane kira tun daga farko har ƙarshe. Da gurmi ya yi shiru ta share hannu a zane ta ce gari ya yi.

Na zagaya na same shi zaune, gurmi a cinya, idanunsa jajur. Ya ce, "Ki ce mata..."

Na ce, "Ban cewa. Ga ta nan, kara ɗai ag tsakaninku. Buɗe baki ka hwaɗa mata da kanka."

Ya dubi darnin. Ya buɗe baki, na rantse ya buɗe. Sai daga ciki aka ce, "Ke, ki ce ma wancan akwai hura cikin ƙwarya." Ya rufe bakinsa. Ni kuma, da duk cika bakin da na yi, na tashi na ɗauko masa furar.

Sai da aka yi girbi aka sake shuka kafin faifan ya iso hannun mushe, don shi kaɗai ke da garmaho a wajenmu. Na roƙi Inna ta zo mu je ta ji. Ta ce ita ba ta san wata waƙa ba, kuma wake na kan wuta. Muka tafi Matankari ni da yayana.

Mutane sun cika ƙofar gidan mushe. Aka sa waƙar gayya aka yi shewa, aka sa ta makiyaya wasu Fulani suka yi ta dariya suna nuna shi. Shi ko a jikinsa. Da aka zo ta niƙa sai ya matso ya tsuguna gaban akwatin. Ta ƙare ya ce a sake. Aka sake. Ya ce a ƙara. Mutane suka fara watsewa, mushe ya fara ƙorafin allurarsa za ta dakushe, rana ta yi gora, ɗana na ta zillo a bayana. Haƙurina ya ƙare. Na ce masa mai muryar nan fa tana gida da ranta da lafiyarta tana dafa wake, shi kuma ya zo nan ya tasa akwati a gaba, ya tashi mu tafi.

Bai ko dube ni ba. Ya ce wa mushe, "Don Allah ka mai da ita hwarko. Bari ta ƙara amsa min sau ɗaya."