Safiyar da Gimbiya Ta Ƙi Tashi

A ƙarshen layin masu gyaran mota, daidai inda kwalta ta gaji ta tsaya, akwai wani gida mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe. Shekara talatin da 'yan kai wata jar babbar mota na kwana a ƙofar gidan, har ƙasar wurin ta yi baƙi da ɗigon mai. Mai gidan kuwa Baba Kunne ake ce masa, kuma da dalili. In aka kawo masa mota ba ya saurin ɗaukar sifana. Sai ya ɗora tsinin sukundireba a jikin inji, ya manna kunnensa a mariƙin, ya lumshe ido kamar mai jin gulma ta bayan bango. Can sai ya ɗago ya ce, "Ta uku ce ke ƙarya." A kwance kuwa, a tarar nozul ta uku, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, ita ce ta toshe.

Makaniki ne, direba ne kuma. Da jar motar nan ya ci da iyalinsa. Ya ɗauki siminti, ya ɗauki rodi, ya ɗauki kayan masu tashi daga gida zuwa gida har da kajinsu. Abin da ya dame shi a farkon shekarun shi ne wani dogon hawa a hanyar da ya fi bi. In motar ta ɗauko kaya ta iso wurin, sai ta koma rarrafe, tana nishi, masu keke na wuce ta suna ɗaga masa hannu. Ranar da wani mai tallan tsintsiya ya wuce shi a ƙafa ya ce masa "sannu da hutawa", ranar ya ƙudura sai ya yi wa abin magani.

Ya samo turbo daga jikin wata motar da ta yi hatsari, wato na'urar nan da ke cusa wa inji iska da ƙarfin tsiya. Amma ya san in ya ɗaura ta haka kawai, matsin zai yi yawa, kan injin ya tashi. Saboda haka ya sauke injin gaba ɗaya a tsakar gida, ya kai fistin ɗin aka ɗan sassaƙe kawunansu, ya sa gasket mai kauri tsakanin kan injin da jikinsa. Sati uku matarsa, wadda bai taɓa kira da wani suna ba sai Mai Ɗaki, tana tsallake ƙarafa kafin ta kai bakin murhu. Da aka harhaɗa, motar ta haye tudun nan da cikakken kaya a giya ta uku, Baba Kunne yana danna hon tun daga gindi har sama.

Sai da sanyi ya shigo ya ga abin da ya saya wa kansa. Injin dizal ba shi da filogi mai tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafi, zafin ne ke kunna man. To shi ya rage matsin da hannunsa. Da rana, ko in injin ya riga ya ɗumama, ba a ganin komai. Amma da safen sanyi, ƙarfe ya kwana yana shan raɓa, sai ka yi ta murza makulli tana juyi tana tari, farin hayaƙi na fita ta salansa, ba tashi. Maƙwabcinsa Mai Walda ne ya raɗa mata suna. Ya leƙo wata safiya ya ga ana ɗura mata ruwan zafi, ya ce, "A'a, yau kuma Gimbiya ce sai an haɗa mata ruwan wanka?" Sunan ya zauna.

Baba Kunne ya tsara wa Gimbiya ƙa'ida. Da yamma in ya dawo, ya buɗe ɗan famfon da ke ƙasan inji ya tsiyaye ruwan lagireto. Da safe ya tashi ya yi wanka, ya sha shayinsa a ɗaki a natse, rediyo na magana. Kafin ya fito, Mai Ɗaki ta ajiye masa bokitin tafasasshen ruwa a gindin taya da kaskon garwashi. Ya ɗura ruwan, ya tura kaskon ƙarƙashin inji don mai ya saki jiki, ya hau, ya kunna hita mai ɗumama cikin inji ya ƙirga ashirin, ya murza. Bugu ɗaya. Babu teburin mai shayi a layin nan da bai ji wannan labari ba. "Bokiti ɗaya, ƙirga ashirin," in ji shi, yana ɗaga yatsa. "Inji lissafi ne, ba rigima ba."

Shekara uku ke nan da Mai Ɗaki ta rasu. Tun daga sanyin farko bayanta Gimbiya ta canza hali. Shi yake dafa ruwan yanzu, bokiti ɗaya kamar kullum, ya ƙirga ashirin kamar kullum, amma sai rana ta ɗaga sosai take yarda. Ya canza hita, ya wanke nozul, ya saurara har kunnensa ya gaji, bai ji wata ƙarya ba. Sai ya ce tsufa ne ya kama su tare. Ga shi idonsa ya fara yana, likita ya hana shi tuƙi. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, malamar makaranta mai 'ya'ya uku, ta gyara masa ɗaki a gidanta ta ce ya isa haka, ya dawo kusa da jikoki. Amma a layinsu babu inda za a ajiye babbar mota.

Masu saye biyu suka fito. Na farko masu yanka ƙarfe ne, waɗanda suka zagaya Gimbiya suna ƙwanƙwasa jikinta kamar masu taya bijimi. Na biyu wani mai jigilar katako ne, mutum mai furfura kaɗan a gemu, wanda ke son motar aiki. Shi kuma sharaɗi ɗaya ya kafa: zai zo da sassafe, ya taɓa injin da hannunsa ya ji shi da sanyi, sannan a tayar a gabansa. An taɓa sayar masa da motar da aka ɗumama kafin ya iso, bai manta ba. In ta tashi ya ɗauka. In ba ta tashi ba, masu yanka ƙarfe sun ce za su zo da motar da za ta ja ta kafin rana ta raba.

Da la'asar ɗin jajibirin, Mai Walda ya zo ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Kai dai ba ka da wayo, tsoho. Ka tayar da ita yanzu da zafin rana, ka rufe ta da barguna ta kwana. In ya zo ka ce sanyin ke nan."

"Ya kai ta gida ta ƙi tashi, ya zage ni da uwata?"

"To ai lokacin kana gidan Auta kana shan rake da jikoki."

"Da wane haƙorin? Tashi ka ba ni wuri, mai ƙona ƙarfen mutane."

Baba Kunne ya tsiyaye ruwan kamar yadda ya saba. Auta ta kwana a gidan don ta taya shi haɗa kaya.

Gari ya waye da irin sanyin da ke sa magana ta fito da hayaƙi. Mai Katako ya iso hannu cikin aljihu, ya gaishe da Baba har da rusunawa, sannan ya ɗaga bonet ya dafa injin. Ya janye hannun da sauri, ya gyaɗa kai. Baba Kunne bai ɓoye masa komai ba. Ya ba shi labarin tudu, da turbo, da fistin da aka sassaƙe, ya ce wannan mota ba ta tashi da makulli kaɗai in ana sanyi, ga yadda ake yi. Ya ɗura bokitinsa, ya tura kasko, ya hau da ƙyar yana riƙe ƙofa, ya ƙirga ashirin a fili.

Injin ya juya, ya juya, ya yi tari biyu, ya yi shiru. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal ya kwanta a ƙasa.

Ya jira, ya sake. Wannan karon juyin ya fi nauyi. A na uku kowa ya ji batir ya fara ja da baya, ƙarar ta koma kamar ta mai jan buhu. Baba ya saki makullin. Ya san saura bugu ɗaya a cikin batir ɗin, in ya yi sa'a.

"Baba, kada ka wahalar da kanka," in ji Mai Katako a hankali. "Na ga gaskiyarka. Amma ni da asuba nake fita daji, ba zan iya jiran rana ba."

Auta ta fito da tire ɗin shayi, ta tsaya tana kallon bokitin da ke kife.

"Baba, na farkon fa? Ka zubar?"

"Wane na farko?"

"Ruwan farko mana. Wanda ake bari ya zauna a ciki."

"Ke Auta, bokiti ɗaya ne tun kafin a haife ki."

Ta ajiye tiren a kan matakalar motar. Ta dube shi, ta ga da gaske yake.

"Biyu ne, Baba. Kana shiga wanka Inna take ɗura na farko, mai ɗumi, ba tafasasshe ba. Ta ce ƙarfe mai sanyi ba a watsa masa tafasasshe kai tsaye. Ta bar shi har ka gama shayi, sannan ta shiga ƙarƙashi ta buɗe famfon, ta tara ruwan a baho, ta rufe. Wanda kake tararwa a gindin taya na biyu ne."

Mai Walda, da ya leƙo ta kan katanga tun bugun farko, ya zagayo ya tsaya kusa da motar.

"Ruwan bahon kuma da shi take mana wanki, don kada a yi asarar itace," in ji Auta. "Ka tuna farar rigata ta makaranta da kake cewa ban iya kula da kaya ba? Tsatsar Gimbiya ce."

Baba Kunne ya saki sitiyari. Sai ya sauko. Bai yarda kowa ya shiga ƙarƙashin motar ba. Ya shimfiɗa buhu, ya kwanta, ya laluba famfon da yatsa tun da ido ba ya gani sosai. Ruwan da ya ɗura yana tafasa ya zubo masa a hannu da ɗan ɗumi kawai, ƙarfen ya shanye zafin duka. Ya daɗe a kwance a wurin fiye da yadda buɗe famfo ke buƙata. Wurin matsattse ne, ƙasa na da sanyi, mai na ɗiga kusa da fuska. Da ruwan ya ƙare, ya rufe famfon ya fito.

Auta ta hura wuta, Mai Katako da kansa ya ɗauko tukunyar da ta tafasa ya ɗura. Suka ƙara garwashi a kasko, suka tsaya suna shan shayin da ya huce. Mai Walda ya ce shi dama ya daɗe yana zargin akwai makaniki na gaske a gidan nan, bai dai san wane ne ba.

"Hau kai," Baba ya ce wa Mai Katako. "In za ta tashi, ta tashi a hannunka. Kada ka taɓa totur sai ta kama."

Mutumin ya hau, ya ƙirga ashirin, ya murza. Injin ya juya a hankali sau ɗaya, sau biyu, kamar zai tsaya. Sai silinda ɗaya ta kama, motar ta girgiza, ta biyu ta bi, sauran suka shigo a guje. Hayaƙin ya turnuƙe layin, fari da farko, ya koma toka-toka, ya washe. Gilasan gidan suka ɗauki rawa. Mai Katako ya bar ta tana aiki har ƙarar ta daidaita, ya ɗan taka totur ya ji yadda turbo ke fito, ya sauko yana murmushi.

"Baba, kullum ruwa biyu ke nan? Wa zai riƙa dafa mini?"

"Kai za ka dafa. In kuma wani ya dafa maka, ka fito ka gani da idonka."

Mai Katako ya miƙa hannu biyu ya karɓi takardun motar. Ya nemi a ba shi kaskon, aka ba shi. Mai Walda ya ce shi zai tare masu yanka ƙarfe in sun zo, yana da maganar da ya tanadar musu tun jiya. Gimbiya ta ja da baya, ta juya, ta hau kwalta, suka bi ta da kunne har ta sha kwana.

"Me ya hana ta faɗa mini?" Baba ya tambaya, bai juyo ba.

"Na taɓa tambayarta. Ta ce ranar farko da ta gwada, ka fito ka tayar bugu ɗaya, ka shigo kana rawa a tsakar gida kana cewa ka gano lissafin. Ta ce ta bari sai gobe ta faɗa maka."

Ya yi dariya har ya share ido da bakin hannun riga.

"Ɗakin nan naki," ya ce, "akwai taga ta wajen titi?"

"Akwai, Baba. Har motoci sun yi yawa."

"To je ki kira mai ɗaukar kaya."