Ƙwallon da Kawu Hamisu Ya Soke Mini

Kun dai san Kawu Hamisu bai taɓa yarda da idonsa ba. Ko musun wa ya riga wa zama ake yi a gidan abinci a unguwar Dengfeng, can ƙasar Chana, sai ya miƙe ya zana akwatin talabijin a iska, ya ce, "Bari mu duba!" Ranar Lahadi kuwa, in mun kama filin ƙwallo, 'yan kasuwa da ɗalibai, shi ne alƙalin wasa, ba don wani ya naɗa shi ba. Tsofaffin wayoyi uku na shagonsa na kasuwar Tianxiu yake ɗaurewa a jikin shinge suna ɗaukar wasan.

Wata rana ya yi ta duban satar gida har gumi ya bushe mana. Ɗan Chanan da ke kula da filin ya zo yana nuna agogo: "Lawban," wato maigida da yarensu, "lokaci ya ƙare!" Kawu ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Meyo!" wato babu, ya ɗaga masa katin gargaɗi. Bawan Allah ya karɓa da hannu biyu yana godiya, ya zaci katin shago ne!

Alhaji Bala kuwa, ɗaya daga cikin 'yan wasanmu, "Allah ya isa" kawai ya ce, ya sha jan kati. Wai dalili? "Ka ɗaukaka ƙara ba ka biyo ta kaina ba."

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai Isufu ne, wani ɗalibi ɗan Damagaram. Yaron nan ko tuntuɓe ya yi, sai ka ji Kawu: "Kai, ƙafa ta Allah!" Ni ɗan ƙanwarsa, shekara shida ina tsare gida ina cin ƙasa, ko sannu. Wallahi na yi kishin Isufu, kishi mai hana cin tuwo.

Sai ranar da Allah ya kawo rabona. Na cafe ƙwallo na ɗirka mata ƙafa, iska ta ɗauke ta, ta dira ta tsallake golansu, sai raga! Har na cire riga, na hango Kawu yana zana akwati.

"Kawu, don girman Allah!"

"Bari mu duba."

Ya sa tabarau, ya duba waya ta ɗaya, ya duba ta biyu. A ta ukun ya ce, "Nasiru, ka wuce layi da ƙwallo a hannunka. Babu ci."

"Da nawa na wuce?"

"Da babban yatsa."

"Da Isufu ne fa?"

"Isufu ba ɗana ba ne. Na bar maka a ce na yi son kai?"

Wata biyu ban taka shagonsa ba.

Da Allah ya yi wa Kawu rasuwa, ranar zaman makokinsa Isufu ya matso kusa da ni ya ce, "Yaya Nasiru, ka san duk baƙon da ya shigo shagon sai ya nuna masa bugun nan naka? Ya ce, 'Ɗan ƙanwata ne, ku duba ƙafa!' Ni kaɗai na kalla ya fi sau ashirin."

Ku ji fa! Har wannan ma Isufu ne ya ji da kunnensa, ni sai saƙo. Na so in ji haushi, hawaye suka riga ni.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ranar da za a duba naka, Allah ya sa kada a tsananta bincike, a wuce da kai da rahama. Amin.