Saura Tafiya Huɗu, Pak Ramlah

Daga ofishin Shugaban kamfanin jiragen sama, hawa na talatin da ɗaya, Sidni, zuwa ga jama'ar tsibirin Kokos mazauna Perth.

Ni ne Shugaban. Kun san fuskata, ni ne mai fitowa a ɗan talabijin ɗin bayan kujera kafin jirgi ya tashi, ina murmushi ina ce muku ku 'yan gida ne. Yau na ajiye murmushin. Ranar Laraba, sha uku ga Sha'aban, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Jamlie bin Kartom, wanda kowa ke kira Pak Ramlah da sunan 'yarsa ta fari. Ya rasu a asibitin wani gari a yankin Pilbara, kwana ɗaya bayan ya yanke jiki ya faɗi gaban tukunyar shinkafa a kicin ɗin sansanin masu haƙar ƙarfe. Shekarunsa sittin da uku. Na Allah muke, wurinSa kuma kowa zai koma.

Dalilin rubutuna biyu ne. Na farko ta'aziyya. Na biyu, mun dakatar da wata ma'aikaciyarmu, Merrin Tuckwell, mai kula da ɗakin kaya a filin jirgin garin, saboda yadda aka ɗauko gawarsa. Shekararta sha ɗaya tana aiki, 'ya'yanta biyu, ba miji. Ranar Litinin za mu zauna a kanta, kuma in ba a sami wani mai laifin ba, ita za mu kora. Zan zo ga wannan. Bari in fara da kai, Pak Ramlah.

Shekara sha tara kana hawa jirginmu. Mako biyu a sansani kana ciyar da ƙarti ɗari huɗu, mako ɗaya a gida, sannan ka dawo. Duk tafiya muka rubuta maka maki, har muka ba ka katin zinariya, muka ce ka shiga sahun manya. To me muka ba ka? Mun buɗe maka falon manya a filin jirgi, inda rabin abincin da ke kan tebur ba ya halatta gare ka. Gasasshen burodi kake ci da ayaba. Akwai ɗakin wanka, kai kuwa alwala kake yi a ciki, ka shimfiɗa rigar aikinka a lungu bayan wata tukunyar fure ka yi sallah, masu kwat suna tsallake ƙafarka. Mun ce ka riga kowa shiga jirgi, ka shiga ka zauna kana jiran waɗanda ka riga. Mun ƙara maka nauyin jaka, shi ne kawai abin da na ga ya yi amfani, don da shi kake kai wa yaran sansani busasshen kifi da yajin da matarka Mak Ramlah ke dakawa.

Katin ya ba ka damar shiga da baƙo ɗaya. Ban taɓa ganin ka shiga kai kaɗai ba. Kakan tsaya a bakin ƙofa kana duba layi, ka zaɓi wanda ya fi kowa alamar tsoro, sabon ɗauka wanda takalmin aikinsa bai ko yi datti ba, ka ce, "Zo, ɗana, yau kai babban mutum ne." Haka ka yi wa Tavita, ƙaton nan ɗan Samowa mai tuƙa motar dutse, ranar da ya baro matarsa da jaririn kwana tara yana ɓoye hawaye da hula. Shekara shida bai daina bin ka falon ba, bai kuma daina tsokanarka ba.

"Tsoho, shekara sha tara kana yawo a sama saboda gasasshen burodi?"

"Kai da ka cinye takwas a kan katina? Goge bakinka tukuna."

Akwai kuma wani shaƙiyyi a kicin ɗinku, ba zan ɓata takarda da sunansa ba, wanda ya raɗa maka Sarkin Falo. Shi ne ya taɓa sace katin daga aljihunka ya sa katin shagon wanki a madadinsa, ka miƙa wa mai tsaron ƙofa da ƙasaita, ta juya shi ta ce ranka ya daɗe, ba ma wanke wando a nan. Ba ka yi fushi ba. Ka bari sai da kuka koma sansani, ka aje masa buhun albasa biyu, ka zauna kusa da shi kana karɓar haddarsa yana yanka yana hawaye. Duk inda ya yi tuntuɓe a aya sai ka ce, "Maimaita, kukan tuba ne." An ce mini izu uku ya gyara a cikin makon.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci. Katin zinariya shekara ɗaya yake yi. Ranar da mutum ya daina tafiya, mu ma mun daina saninsa. Amma mun ƙirƙiro wani mataki a sama, muka ce duk wanda ya tara maki kaza, katinsa ya zama na din-din-din, ko ya tsufa ko ya bar aiki. Wata-wata muna aiko maka saƙo da ɗan zane kamar ma'aunin mai, yana cika a hankali, da rubutu a ƙasa: saura kaɗan. Mun san me muke yi. Akwai waɗanda muke biya don su zauna su auna tsawon wannan kaɗan ɗin.

Bara likita ya ce zuciyarka ta gaji, ka ajiye aiki. Mak Ramlah ta roƙe ka a gaban mutane, ranar walimar da aka yi a gidanku.

"Abang, maigida, ka zauna gida. Me za ka yi da katin nan?"

"Ba nawa ba ne, naki ne. In mun riƙa zuwa Kokos, da wannan gwiwar taki za ki tsaya layi awa guda? Kujera mai laushi za ki zauna, a kawo miki shayi, a kira ki kafin kowa."

"Gwiwata ta saba da layi. Ni kai nake so a kujerar falona."

Aka yi dariya, kai ma ka yi, ka ce saura tafiya sha ɗaya. Ranar da ka faɗi a kicin saura huɗu. Ba mu ce ka mutu dominmu ba, ajali na Allah ne. Amma kwanakin da ka ba mu a ƙarshe na matarka ne, mu kuwa muka karɓa muna godiya da saƙon waya. Kai ma, Allah Ya gafarta maka, kana da taurin kai. Mutumin da ke iya auna gishirin tukunyar mutum ɗari huɗu da tafin hannu, ya kasa auna wannan.

Da ka cika, likita ya sa hannu a takardu ranar, masu shirya gawa suka sa ka a akwati, 'yan'uwa a Perth suka yanka likkafani suka sa a haƙa kabari, ana so a yi maka sallah bayan Juma'a. Aka je ɗakin kaya. A nan muka nuna wa jama'a matsayinka na gaskiya. Mai rai ne ɗan gida. Gawa kaya ce, awo ake yi mata a kan sikeli, kuma cikin jirgi ya cika da kayan gyaran injin kamfanin ma'adinai har zuwa Litinin. Tavita ya ɗora katinka a kan teburin Merrin ya ce a duba, mutumin nan zinariya ne. Merrin ta duba na'ura, ta duba katin, ta ce ba a rubuta komai a kan wannan ba. Tana faɗa tana share ido, domin ta san ka, duk wucewa kana bar mata ƙunshin wainar kwakwa.

Ranar Alhamis da safe Tavita ya tafi Perth da jakarka. Tambarin zinariya na rataye a hannunta, saboda haka ita aka fara fitarwa. Mak Ramlah tana tsaye a filin jirgi da Ramlah, ba wanda ya iya gaya mata a waya cewa gawarka ba ta cikin jirgin. Ta ga jakar mijinta ta fito ita kaɗai a gaban duk jakunkuna, tana zagayawa. Ta ce wa Tavita, "Ina mai ita?" Ƙaton nan ya durƙusa a ƙasa a gabanta.

Da azahar wayar ɗakin kaya ta yi ƙara. Merrin ta ɗauka, ta ji muryata. Muryar ta ce ni ne Shugaba daga Sidni, na sami labarin cewa ɗaya daga cikin 'yan gidanmu yana kwance a wurinku, a sauke akwatuna biyu na ƙarfe a sa shi a jirgin yamma, takarda za ta biyo baya, kuma ina godiya da kika zaɓi yin aiki tare da mu. Ta ce to, ranka ya daɗe. Ta sauke ƙarfe ta sa mutum. Ka isa Perth kafin magariba, aka yi maka wanka, aka sallace ka bayan Juma'a, sahu ya fita har wurin ajiye motoci. Takarda ba ta biyo baya ba. Injin ya tsaya yini biyu, kamfanin ma'adinai ya kawo ƙara, muka shiga neman wanda za mu rataye wa.

Wannan tafiyar ta ƙarshe ba mu lissafa maka ita ba, kaya ba su samun maki. Waɗanda ka tara kuwa mun share su, haka dokarmu ta ce, ba a gadonsu. Ranar Asabar, ƙasar kabarinka ba ta bushe ba, wayarka ta yi ƙara a hannun Ramlah. Saƙonmu ne: Jamlie, kana dab da kaiwa, kada ka tsaya yanzu.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Jamlie bin Kartom. Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi fiye da zafin da ya sha a bakin murhu. Duk cikin da ya cika, duk matsoracin da ya riƙe wa hannu a bakin ƙofa, duk ayar da ya gyara wa wani, Ka sa a mizaninsa. Ka yafe masa kurakuransa. Mak Ramlah, Ramlah da ƙannenki, da dangi na Perth da na tsibiri, Allah Ya ba ku haƙuri mai kyau, Ya tsaya muku a inda yake tsayawa.

Mak Ramlah, na san tun layi na uku kika gane. Shugaban bai rubuta wannan ba. Bai san an yi wani Pak Ramlah ba, ban ma san ko ofishinsa yana hawa na talatin da ɗaya ba, ni na gina masa.

Ni ne Sadikin bin Omlie, Ikin, mai yanka albasa. Boko bai zauna mini a kai ba, abin da na riƙe shi ne Alƙur'ani da kwaikwayon muryar mutane. Shekara uku ina sauraron mutumin nan a bayan kujera, zuwa da dawowa, har numfashinsa na haddace. Ni na kira Merrin, daga bayan ɗakin sanyi na kicin, da ƙarfe ɗaya da kwata, a wayata, lambar tana nan ku bincika. Ba ta san cewa ni ne ba, ba kuma sakaci ta yi ba. Da muryar nan na taɓa sa manajan sansani ya miƙe tsaye ya gyara wuyan rigarsa. Ƙarya na yi, na san hukuncinta, na nemi gafarar Allah, ban kuma yi nadamar jirgin yamma ba. Kwana tara da na yi shiru ina kallon ana tuhumarta, su ne nake jin kunyarsu.

Na liƙa wannan takarda a allon masallaci, na aika da ɗaya Sidni, Ramlah ta juya mini ita zuwa Turanci. Ranar Litinin zan zo da kaina, ba sai an aiko ba. Na riga na kwashe kayana daga sansani. Ku mayar da Merrin bakin aikinta.