Tafkin da Yayana Ya Tare wa Namun Daji

Yayana maharbi ne, haka mahaifinmu, haka kakanmu. Ni ne na bar sana'ar gida, na koyi ɗinki na zauna a Talata Mafara, ina zuwa ƙauye ranar Alhamis da yamma in koma ranar Asabar. Ƙauyenmu yana ƙasar Maradun. Ba zan faɗi sunansa ba, saboda har yanzu akwai tsofaffin da suka ƙi tashi.

Gabas da gari akwai dajin da muka gada. Ba namu ba ne mu kaɗai, amma kowa ya san daga gidanmu ake neman izinin farauta a cikinsa. Yadda muka taso muka tarar shi ne, idan an gama girbi ciyawa ta bushe, sai a sa rana, a kewaye dajin a cinna masa wuta, maza da karnuka su tare hanya suna jiran abin da wutar za ta koro. Ina yaro na ga an dawo da barewa a kan jaki. Amma a shekarar da wannan magana ta faro, gari guda ya fita, aka dawo da zomaye uku da gafiya. Yayana ya zauna a ƙofar gida, ko tokar ƙafarsa bai wanke ba, ya ce mini, "Dajin ga ya mutu, kuma mu munka kashe shi."

Wata ranar kasuwa ya zo shagona, ya tarar da wani dattijo da nake yi wa ɗinki, tsohon malamin daji ne da ya aje aiki. Suka gaisa, suka sake gaisawa, hira ta kai su ga farauta. Ina kan keke ina jin su. Dattijon ya ce, "Nama bai ƙare ba, malam. Kowace shekara kuna ƙone masa ɗaki, rani ya yi ya rasa ruwa, sa'an nan ku ce ya yi ƙaura. Ku bar masa gefe guda da ciyawarsa, ku tare masa ruwa, ku gani." Yayana ba mai yawan magana ba ne. Ya dai yi ta tambaya har aka kira la'asar.

Sai da ya yi wata biyu yana zarya tsakanin mai gari da manyan maharba kafin suka yarda a bar masa wani kwari da ƙorama ke ratsawa, ba ƙuna, ba harbi, ba shiga da kare. Sun yarda ne don girman gidanmu, ba don sun ga hankali a ciki ba. Taubashinmu, ɗan ƙanwar mahaifinmu, shi ya fi kowa tsokanarsa.

"To, maharbi ya koma kiwon zomo! In ka ƙare yi musu ɗaki, sai mu kai musu lehe."

"In sunka haihu, kai za a kira wanzami," in ji yayana. "Da ma aikin da ka iya ke nan, askin abin da ba ya gudu."

Amma ranar da aka fara aiki, taubashin nan ne ya fara zuwa da jakinsa. A inda ƙoramar ta matse tsakanin duwatsu biyu muka jera buhunan yashi, muka danne da dutse, muka shafe da laka. Muka nome fili mai faɗi a gefen kwarin don kada wutar wasu ta tsallako. Yayana ya dasa magarya da kurna, ya riƙa ajiye kanwa a kan wani kututture don masu lasa. Da damina ta wuce ƙorama ta ƙafe, ruwa ya tsaya a bayan madatsar, ɗan tafki ne da bai fi filin masallacin unguwa ba. Ya kai har cikin bazara bai bushe ba.

Akwai wata dabara da ya ƙirƙiro da kansa. Ba ya son zama a bakin ruwan ya yi gadi, don ya ce warin mutum yana korar nama. Sai ya kwaso yashi mai laushi ya shimfiɗa kewaye da tafkin. Kullum bayan la'asar ya je da tsintsiyar kaba ya share yashin ya yi sumul, yana tafiya da baya yana goge sawunsa har ya fita. Da safe ya koma ya karanta wanda ya zo shan ruwa. Nakan bi shi ranar Juma'a kafin masallaci. Ya tsuguna ya nuna mini da kara: nan zabin daji ne, nan yanyawa, nan damo ya ja jela. A shekara ta biyu ya aiko direban da ke zuwa kasuwa ya faɗa mini wai in zo, an yi baƙo. Na zo hankalina a tashe, ashe sawun gada ne, ƙanana guda huɗu a bakin laka. Tun rasuwar mahaifinmu ban ga ya yi dariya irin ta ranar ba.

A lokacin, labarin mutanen daji ya riga ya cika ƙasar. Muna ji an kwashe shanu a can, an ɗauki mutum a can. Gefenmu dai shiru, muna cewa Allah ya ƙara tsarewa, muna ci gaba da harkokinmu.

A rani na uku, wata Juma'a, muka isa tafkin yayana ya tsaya cak tun daga nesa. A kan yashin akwai sawun tayar babur, ba ɗaya ba. Akwai sawun takalma masu kauri, da sawun shanu da yawa.

"Wata ƙila makiyaya na," na ce.

"A'a. Makiyayi na barin saniya ta sha ta ƙoshi. Waɗanga korar su aka yi. Dubi yadda sunka tattake juna."

Da la'asar ya ɗauki tsintsiyarsa ya tafi, kamar kullum.

Kafin mako ya zagayo gari ya sani. Duk faɗin wannan daji babu ruwa a rani sai wanda muka tare, kuma babu inda gamba ta yi tsawon da za ta ɓoye mutum a kan babur sai kwarin da muka hana ƙonawa. Abin da muka yi wa gada ya yi wa wasu. Mai gari ya kira yayana bayan sallar azahar, ina zaune a gefe. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, ba mugun nufi ka yi ba, kowa ya shaida. Amma yanzu mata ba su iya tahiya itace. A sa ma wurin wuta, a hwasa madatsar, su nemi wani wuri."

Yayana ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka shi daɗe, gadar ta haihu. A ba ni zuwa hwarkon ruwa, ɗan shi yi ƙwari."

Aka ba shi. Farkon ruwa saura kamar wata biyu.

Ni abin da ya fi damuna shi ne sharar. Na ce masa ya bari. Ya ce ai ba da su yake ba, shi da namansa yake, kuma duk wanda ya tashi a daji ya san abin da maharbi ke nema a sawu. Ya canja lokaci dai, yana zuwa da rana tsaka sa'ad da ya tabbata ba kowa. Ni ma a lokacin tsoron da nake yi shi ne kada su haɗu. Ban yi tunanin yadda abin zai kasance a idon mutumin da ake nema ba: ya zo wurin da ya tattake jiya, ya tarar an share sumul, an bar shi a shirye don ya sake takawa, kuma wanda ya yi sharar ya goge sawun kansa.

Wata safiya muka tarar da yashin ba a taɓa ba, sai sawun takalmi guda ɗaya a tsakiya, an danna shi da kyau. A cikinsa an kafa kwanson harsashi a tsaye. Yayana ya daɗe yana kallo. Ya miƙa hannu zai ɗauka, na riƙe shi.

Washegari wani mai cire zuma daga ƙauyen da ke kusa da mu ya zo gida. Ya ƙi zama a zaure, sai da aka shiga da shi ciki. Ya ce sun tare shi a hanya, sun karɓe zumar, ba su taɓa shi ba, amma sun ba shi saƙo. Ya faɗe shi yadda aka faɗa masa: "Ka tambayo muna wa ka share ƙasa shina ƙidayar mu, kuma wa shika kai ma labari."

"Ka ce musu gada nika dubi," in ji yayana.

Mai zumar ya dube shi. "Maigida, kai in an hwaɗa maka hakanga, ka yarda?"

Ranar na kwana a ƙauye duk da Asabar ce. Da safe muka zauna a gindin ɗorawar bayan gida, ni da shi. Na roƙe shi ya kwashe iyalinsa ya zo Mafara, ko zuwa damina. Ya ce ya bar wa wa gona, ya bar wa wa innarmu, wadda ta ce ba ta barin ɗakin da mijinta ya rasu a ciki. Na ce to ya daina zuwa kwarin gaba ɗaya. Ya ce in ya daina rana ɗaya bayan saƙon, ai ya amsa laifin ke nan. Daga nan ne na kawo shawarar da har yau nake juyawa a raina. Na ce, "Yaya, ka hwasa madatsar da hannunka. In sunka ga ruwa ya tahi, sun san ka bar wurin, ba ka da sauran abin dubi. Su ma sai su ɗaga."

Ya ce, "Gadar hwa?"

Na ce, "Allah da ya kawo ta shi ka ciyar da ita."

Ya yarda. Muka yi da shi zan dawo ranar Alhamis mu tafi tare, da taubashinmu. Na koma shago. Sallah ta matso, ɗinki ya taru, Alhamis ta zo ban samu tashi ba, na aika cewa sai Juma'a da safe. Shi kuwa mutum ne da in ya sa abu a ransa ba ya iya zama da shi. Ranar Alhamis da hantsi ya ɗauki fartanya, ya bar bindigarsa a rataye don kada a ce da faɗa ya zo, ya ce wa matarsa yanzu zai dawo.

Da azahar ta wuce bai dawo ba, taubashinmu ya tara mutum biyar suka bi sawu. Sun same shi a kan madatsar. Ya cire buhu shida, ruwa yana ta zuba. Ba zan rubuta yadda suka same shi ba. Sun ɗauko shi a kan jakin da ya kai mana yashi, aka yi masa sutura kafin magariba. Ni saƙon ya iske ni a kan keke, na iso an riga an dawo daga maƙabarta.

Ba mu san dalilin ba, kuma babu wanda za a tambaya. Wasu sun ce maganar sharar ce, da ma jiran sa ake yi. Wasu sun ce ruwan ne, don shanun da ke hannunsu da shi suka dogara, sai ga mutum yana zubar da shi da rana tsaka. Bayan wata guda mai zumar ya ce ya hango an mayar da buhunan an ƙara dutse. Ba a ƙone kwarin ba, a shekarar ko bayanta, don ba mai zuwa. Ba wanda ya sake fita farauta a garinmu.

Da aka share makoki na kwaso matarsa da 'ya'yansa da innarmu, wadda a wannan karon ba ta yi musu ba. Na kama musu gida kusa da nawa. Ina zuwa gaishe su kowace safiya, muna maganar makarantar yara da tsadar gero. Ban taɓa faɗa wa kowa cewa shawarar tawa ce ba. Taubashinmu ya sani, bai faɗa ba.

Bayan ta fita takaba, wata safiya na je na tarar da matar yayana tana tsince shinkafa a faifai. Muka gaisa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Baban yara, in tambaye ka. Shi da na sani ba shi hwasa ruwan nan don kanshi. Wa ya ba shi shawara?"

Na iya cewa mai gari ne, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Na ce, "Ni na."

Ta ci gaba da tsintar, tana fitar da tsakuwa tana ajiyewa a gefen tabarma. Ta daɗe. Sa'an nan ta ce, "Na yi zato. Ni kuma ni nac ce mishi kada shi jira Juma'a, shi tahi shi gama mu huta."

Innarmu ta yi kira daga ɗaki tana tambayar wa ya zo. Na tashi na shiga gaishe ta.