Kawu Sale, Wanda Ya Hana Gaisuwa

Duk wanda ya san Kawu Sale ya san in an idar da sallar la'asar ba a neman sa a ƙasa. Yana can kan soron zaure da oba-obarsa, rediyon kiran nesa, a cinya, eriya ɗaure a gora uku da ya haɗa da roba, yana kiran mutanen da ba wanda yake gani. Ƙanen Innata ne, gida ɗaya muke. Gyaran rediyo ya yi a Tudun Wada har idonsa ya soma rauni, sannan ya dawo da wannan akwati da takardar lasisi, wadda ya fi lallaɓa fiye da katin asibitinsa.

Hujjarsa ɗaya ce. Ƙauyenmu yana tsakanin Ba'awa da Dangora, in rafi ya kawo ba shiga ba fita, sabis kuma ko da rani sai an hau tudu. Ga ɗakin Inna na ƙasa da ya tsage tun bara, ta ce ba inda za ta, a nan aka haife mu. Kullum sai ya je ya sa yatsa a tsagar ya auna, ita kuma ta ce ya fara auna kansa tukuna.

Wata rana ta sa wayarta caji a batirinsa na sola. Ya zo ya cire a hankali ya ajiye mata a kan turmi, ya ce tata ta gulma ce, wannan kuwa na ceton rai. Kwana uku tuwonsa yana zuwa ba man shanu.

Babbar rigimarsa ita ce gaisuwa. Ya kafa doka cewa a kan oba-oba abu uku kawai ake faɗa: ina ne, me ya faru, mutum nawa. To abokin kiransa na Dangora, Baba Isiyaku, dattijo ne da ya girme shi da kusan shekara goma, in ya kama gaisuwa sai ya tambayi lafiyar awaki. Ran nan yana cikin ya iyali, ya gona, ya ruwa, Kawu ya katse shi.

"Yaya Isiyaku, kafin ka kai kan awaki an binne mutum."

Baba Isiyaku ya yi fushi, ya ce bai taɓa ganin na'urar da ke koya wa mai furfura rashin kunya ba. Sati biyu bai amsa kira ba. Sai da Kawu ya hau keke har Dangora, ya tsuguna ya yi masa gaisuwar sati biyun nan gaba ɗaya, sannan ya ce to an biya, gobe kada ya ji ko sannu.

Akwai kuma ranar gwaji. Ya sanar ta oba-oba cewa gobara ta tashi a gidanmu, ya manta bai ce gwaji ba ne. Sai ga mutane a kan babura da bokitai, har da mai kuka. Suka tarar da shi a ƙofar gida yana ɓare gyaɗa yana duba agogo. Ko haƙuri bai ba su ba, cewa ya yi sun makara, da tuni mun zama toka.

Ni ya kama ya koya wa, don ina gama sakandare nake zaune a gida. Yayyena maza suka yi ƙorafi, ya ce duk abin da zai faru suna gona yake faruwa, mata ne a gida. Na koya ne dai don kada ya ji ba daɗi.

Ya rasu farkon damina, zazzaɓin kwana huɗu. Ba a yi arba'in ba aka wayi gari da ruwa, tun asuba har hantsi bai ɗauke ba. Maza sun fita tun da wuri tare ruwa a gonakin tsallake, rafi ya cika a bayansu. Ina ɗakin girki na ji ƙara. Da na fito babu rabin ɗakin Inna, sai muryarta a ƙarƙashin azara tana salati. Ni da matan gida muka ja, ko motsi azarar ba ta yi ba. Waya ba sabis.

Na ɗauko akwatin Kawu, na danna na kira Dangora. Da na ji muryar Baba Isiyaku, wallahi ban san lokacin da bakina ya fara ba: Baba ina kwana, an tashi lafiya, ya ruwa.

"Ke Rabi, bar gaisuwa," in ji shi. "Ina ne? Me ya faru? Mutum nawa?"

Na faɗa masa. Shi ya kira rugar da ke gefenmu na rafi, inda Kawu ya taɓa ajiye ƙaramar oba-oba. Makiyaya suka zo da igiya da amalanken shanu, suka ɗaga azarar, suka zaga da Inna ta tudu har bakin titi, inda Baba Isiyaku ya tsayar da mota.

Yau kwana tara. Ƙafarta ta karye a wuri biyu, amma likita ya ce za ta taka. Ni ce dai har yanzu in hadari ya haɗu ko kwano ya faɗi sai na zabura.

Jiya ina ba ta kunu a asibiti ta kawar da kai ta fashe da kuka, ta ce shekara shida tana kiran ƙanenta mahaukaci a gaban mutane, kuma bai taɓa ramawa ba. Na riƙe kofin kawai har ta gama kukanta.

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya yafe masa, Ya yafe mana abin da muka yi masa. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Inna lafiya. Amin.