Ranar Da Na Kai Wa Yaya Sabuwar Masara

Shekaruna sun yi nisa, abubuwa da dama sun fara zame mini, amma akwai wata rana a ƙarshen damina wadda na tabbata ba za ta bar zuciyata ba har in koma ga Mahaliccina.

Bayan na ajiye aikin koyarwa, inda na kai matsayin hedimasta ba tare da an taɓa samuna da makara ba, sai na rungumi noma a bayan garin Birnin Gwari. A gidanmu akwai al'adar da muka gada: ba mai sa sabuwar masara a baki sai babban dangi ya fara ɗanɗanawa ya sa albarka. Tun rasuwar iyayenmu wannan girma ya koma kan yayata, wadda ta yi aure a Kutemeshi ta tsufa a can. Shekaru da yawa 'yan bindiga suka hana mu bin hanyar, sai dai mu aika mata ta hannun masu babura, mu zauna jiran saƙon albarkarta.

A waccan shekarar hanya ta yi sauƙi, masara ta yi goyon da ban taɓa gani ba, ga babban ɗana ya zo hutu daga Kaduna da iyalinsa, gida ya cika da hayaniyar jikoki. Ana cikin haka labari ya iso cewa Yaya tana kwance, ta juya wa abinci baya, tana cewa ta gaji da duniya. Nan take na yanke shawarar zan kai mata masarar da hannuna, domin na san idan akwai abin da zai buɗe bakinta, to wannan ne.

Ɗana ya tuna mini da hawan jinin da likita ya ja mini kunne a kai, da gwiwoyin da ba sa ƙaunar doguwar tafiya. Na amsa masa cikin natsuwa cewa likita ya hana ni gishiri da ɓacin rai, kuma zama a gida a ranar shi ne babban ɓacin rai. Uwargida kuwa ta miƙo mini ƙwayoyin magani da ruwa, ta ce, "Malam, sha a gabana. Idan ka faɗi a hanya, ni ba ni da ƙarfin ɗaukar hedimasta."

Da hantsi muka karyo masara mai taushi muka cika buhu, muka ɗuru cikin mota. Jikata, wadda nake tsokana da amarya, ta yi ta shinshina buhun tana barazanar za ta kashe aurenmu idan ban ba ta ko guda ba. Na ce ta kai ƙara wurin Yaya. Ko'ina kore shar, dawa ta fi mota tsayi, daji ya yi duhu sai ka ce cikin gandun dajin Kamuku. Ina nuna wa yara ɗorawa da kaɗanya ina faɗa musu sunayensu, raina fes kamar ɗalibin da aka sallama hutu.

Sai ga rafi ya kawo, mota ta ce ba da ita ba. Muna tsaye muka ji motsi a cikin ciyawa, muka janyo yara kusa da mu, domin tsoron waɗancan shekaru bai gama sakinmu ba. Ashe wani manomi ne da amalanken shanu, ya kuwa yarda ya ƙetarar da mu. Haka na haye amalanke da babbar rigata mai aska, na rungume buhu a cinya, ruwa yana dukan ƙirjin shanu, jikoki suna ihu, uwargida tana dariya har da hawaye.

Mun tarar da Yaya a kan tabarma, ta rame ƙwarai. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Auta, kai ne? Wa ya ara maka wannan furfurar?"

Duk faɗin ƙasar nan ita kaɗai ke kirana da wannan suna, kuma a gabanta ban taɓa musu ba. Aka hura garwashi, ƙamshi ya game gida. Na zaɓi wadda ta fi kyau, na ɗora a faifai, na durƙusa duk da gwiwoyina, na miƙa mata. Ta karɓa ta juya ta, sai ta buɗe mini baki. Babu haƙori ko ɗaya.

Duk shekarun da nake aike, ba wanda ya taɓa gaya mini. Ashe karɓa take yi ta shinshina, ta ba yara, ta aiko da albarka don kada mu damu. Jikoki suka zuba mana ido, kowa da masara a gabansa ba damar taɓawa.

Sai Yaya ta fashe da dariya, ta ce, "Ka ƙetare rafi da shanu don ka kawo wa tsohuwa aikin da ya fi ƙarfinta. To ba za ka koma da ita ba."

Ta umarci uwargida ta ɓare ɗanyar masarar ta markaɗa a dutsen niƙa, a tace a dama kunu da tsamiya. Da aka kawo, ni na riƙe mata ƙwaryar. Ta kurɓi ludayi guda, ta lumshe ido, ta nemi ƙari, ba ta tsaya ba sai da ta ga gindin ƙwarya. Surukarta da ke jinyarta ta juya baya tana share hawaye. Yaya ta ɗaga hannu ta roƙa mana damina mai albarka da kaka lafiya, sannan ta dubi yara ta ce su ci. Ban taɓa ganin an afka wa masara kamar ranar ba.

Yaya ta miƙe daga wannan ciwo, ta ga girbin shekarar da idonta. Ni kuwa na koyi darasin da ban taɓa koyarwa a aji ba: aike yana kai kaya, amma halin da ɗan'uwanka yake ciki ba za ka san shi ba sai ka je ka zauna kusa da shi.